Turbo a Jikin Tsohuwar Akori-Kura

Tudu ɗaya ne ya jefa ni cikin wannan aiki. Akwai doguwar hanya da nake bi da kaya kusan kowane mako, a tsakiyarta kuma akwai hawa mai tsawon kilomita biyar ko fiye. Duk sanda na iso gindinsa da lodi na san abin da zai biyo baya. Daga giya ta biyar in sauko ta huɗu, kafin in ankara ina ta uku, wani lokaci har ta biyu, ƙafata a manne da totur har ƙasa, baƙin hayaƙi yana turnuƙewa ta baya, manyan motoci suna matsa mini hon. Motar ba ta taɓa ƙin hawa ba, ko sau ɗaya. Sai dai hawan nata irin na wanda aka toshe wa hanci ne aka ce ya yi gudu.

Hilux ce ta 1994, ƙirar LN106, mai injin dizal da ake kira 3L. Silinda huɗu gare shi, faɗin cikinsa lita 2.8, ƙarfinsa kuma wajen doki 90 idan ya kai juyi 4,000 a minti. Bulok ɗinsa da tof silinda duk baƙin ƙarfe ne na zubi, babu kwamfuta a jikinsa, famfon mai ne da nozul kawai suke aikinsu. Ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa, kuma malejinta ya haura kilomita 310,000 lokacin da na fara wannan tunani. Mutane da yawa sun ce in sayar in sayi sabuwa wadda ta zo da turbo daga kamfani. Ba su yi ƙarya ba, shawara ce mai kyau. Ni dai ban iya kallon motar nan a hannun wani.

Na daɗe ina ɗauka cewa mai ne ba ya isar injin, shi ya sa ba ya da ƙarfi. Ashe iska ce ba ta isarsa. Wancan baƙin hayaƙin da nake gani ta madubi man dizal ne da ya shiga silinda bai sami iskar da za ta ƙone shi ba, ya fita a banza. Injin da ba shi da turbo iyakar abin da fistin ya zuƙo da kansa shi yake samu, kuma idan hanya ta yi sama abin ya ƙara lalacewa, domin iska tana yin sirara: kowace mita 300 da ka hau, injin yakan rasa wajen kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa. Turbo kuwa fanka biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji ya juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyun, wadda ke zuƙo iska ta cusa ta cikin silinda da ƙarfi. Sandar nan tana wuce juyi 100,000 a minti. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun 1905 wani injiniyan Switzerland mai suna Alfred Büchi ya yi rajistarta. Abin da ya burge ni shi ne da hayaƙin da ake zubarwa ake aikin.

Da na gama ɗaukar zafi sai na nufi wurin bakaniken da ya riƙa gyara motar tun tana hannun mahaifina. Dattijo ne, Baba nake ce masa. Na zayyana masa komai, har da irin turbo ɗin da nake so. Ya saurare ni har na kai aya, sannan ya goge hannu da tsumma ya ce, "Ɗana, ka zo mini da maganar kaya, ba ka tambayi lafiyar jakin ba. Bari mu fara jin abin da injin zai ce."

Na ce, "Baba, ai kun san injin nan lafiyarsa ƙalau, ku kuke duba shi."

Ya ce, "Lafiyarsa ƙalau ga aikin da yake yi yanzu. Aikin da kake so ka ɗora masa daban ne."

Sai muka fara da awon matsin silinda. Ya bari injin ya yi zafi, ya ciro fulogogin ɗumama guda huɗu, ya cire wayar da ke buɗe wa famfo mai, ya ɗaura geji a rami ɗaya bayan ɗaya ni kuma ina murza makulli. Littafin gyaran wannan inji ya nuna cewa mai lafiya sosai yana ba da psi 455 (psi ma'aunin matsi ne), kada ya gaza 284, kuma tazarar da ke tsakanin silinda da 'yar'uwarta kada ta wuce 71. Namu ya ba da tsakanin 395 da 415. Baba ya kuma buɗe murfin baƙin mai injin yana silo, ya ɗora shi a kan bakin ba tare da ya murɗa ba, ya tsaya yana kallo. Da ringi sun cinye, tururin da ke tsere musu zai riƙa wullo murfin sama. Namu rawa kawai ya ɗan yi a wurinsa. A ranar ya ciro nozul huɗun aka kai wa mai famfo ya gwada, biyu suna ɗiga maimakon feshi, aka canza musu baki. Ya canza bel ɗin taimin ma, tunda ya kusa cika kilomita 100,000 ɗinsa. Mako biyu suka wuce, ko ƙeyar turbo ban gani ba.

Abu na gaba da ya sa ni yi shi ne wanda har yau nake gode masa a kai. Ya ce in sayo gejin zafin hayaƙi, a sa shi tun kafin turbo. Wata 'yar sandar ƙarfe ce siririya da ake huda manifol ɗin hayaƙi, wato bututun da ke tattara hayaƙin silinda huɗun, a soka ta, waya ta taho da labari zuwa allura a gaban direba. Na ce me za a auna tunda ba a canza komai ba? Ya ce in je in hau tuduna da lodi in dawo in ba shi labari. Na je. Ina tsakiyar hawa, giya ta uku, totur a ƙasa, na ga allura ta wuce digiri 650 na Salshiyas, ta wuce 680, ta je ta tsaya a 700. Gabana ya faɗi. Fistin da alminiyam ake yin sa, shi kuwa alminiyam zalla a digiri 660 yake narkewa. Gaskiya ne fistin ba ya kai zafin hayaƙin da ke wucewa ta kansa, domin baƙin mai da ruwa suna ɗebe masa zafi, amma ba wurin da za a daɗe a zauna ba ne. Shekara da shekaru ina hawa tudun nan haka, allurar zafin ruwa ta kamfani tana zaune a tsakiya abinta, ban san wutar da ke ci a ciki ba.

Daga nan muka koma kan ruwa. Wannan inji irin wanda ake fesa wa mai a wani ɗan ƙaramin ɗaki ne da ke cikin tof silinda, wutar ta kama a can sannan ta faɗo kan fistin. Irin wannan tsari yana jibga wa tof silinda zafi mai yawa, kuma duk wanda ya san ɗan'uwansa 2L-T, mai lita 2.4 da ya zo da turbo daga kamfani, ya san cewa tsagewar tof silinda ita ce cutarsa idan aka bari ya yi zafi. Muka ciro lagireto, aka buɗe shi, kusan kashi ɗaya cikin uku na hanyoyinsa a toshe da tsatsa. Na sayi sabo mai layi uku. Kan fankar, wanda wani mai mai kauri da ke cikinsa ke sa shi kamawa idan zafi ya tashi, ya saki, aka sake cika shi. Muka sa sabon tamostat, kuma na ƙara gejin zafin ruwa mai nuna lamba, domin na kamfani ba ya motsi sai abu ya yi nisa. Zan ce wa duk mai wannan niyya kada ya cire tamostat da sunan sanyaya inji. Aikinsa ya wuce rufe ruwa da safe, shi ke tsara yadda ruwan ke zagayawa.

Sai a wata na biyu aka zo kan turbo ɗin kansa. Zuciyata ta so babba. Baba ya ƙi, ya ce babban turbo sai injin ya yi juyi mai yawa kafin ya farka, ni kuwa ƙarfin da nake nema a ƙasa yake, wajen juyi 2,000, inda ake jan kaya. Muka tsaya a kan CT20, wanda ke zuwa a jikin 2L-T, tare da manifol ɗinsa, tunda gidansu ɗaya da 3L kuma ramukan notinsu sun dace. Na hannu na samo. Baba ya kama bakin sandar da yatsa biyu ya girgiza ta gefe da gefe, ta ɗan motsa, ya ce wannan ba komai, gurbin da mai zai cika ne. Ya tura ta ciki ya jawo waje, nan ma ta motsa, sai ya girgiza kai. Ya haska fitila, muka ga bakin fuka-fukan fankar iska ya ɗan ci, alamar ta sha ƙura. Aka kai shi wurin masu gyaran turbo suka canza kayan ciki, suka daidaita nauyin sandar a kan na'ura. Abin da ke juyi dubu ɗari a minti ba a daidaita shi da ido.

Akwai wata 'yar ƙofa a jikin turbo, ɓangaren hayaƙi, da sifirin ke riƙe da ita a rufe. Idan matsin iska ya kai inda aka tsara sai ta buɗe, wani hayaƙin ya zagaye fankar ya wuce, matsin ya tsaya a nan. A kan inda za a tsayar da ita muka fi yin gardama. 3L yana matse iska ninki 22.2, abin da ya fi na injinan da aka ƙera domin turbo, kuma duk iskar da ka ƙara masa sai ya matse ta wannan ninkin. Nauyin yana sauka ne a kan gasket, da fistin, da metal ɗin ƙasa. Baba ya ce psi 7, ko ɗigo ba zai ƙara ba. Na zauna na yi lissafi don in lallashi kaina. Iskar da muke shaƙa a bakin teku tana da matsin psi 14.7, don haka ƙarin 7 kusan rabi ke nan. Amma iska idan aka matse ta zafi take yi, tana iya fita daga turbo sama da digiri 80, kuma iska mai zafi ba ta da cika. Idan aka cire wannan, abin da ya rage bai fi ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu da ɗan ɗoriya ba. Da farko na raina shi. Daga baya na tuna cewa a kan tudun nan giya ɗaya tak nake nema.

Ranar kwance tsohon manifol ta cinye mana yini guda a kan ƙusa ɗaya. Notuka sun shekara talatin suna shan wuta da sanyi, tsatsa ta haɗe su da ƙusoshinsu. Tun kwana biyu kafin ranar nake fesa musu man sassauta tsatsa safe da yamma. Duk suka fito, in ban da na can baya kusa da bangon inji. Na ji sifana ta yi laushi a hannuna, sai ƙas, ƙusar ta karye daidai da fuskar tof silinda. Na miƙa hannu zan ɗauko dirila. Baba ya riƙe ni ya ce, "Kada ka soma. Idan bakin ya kauce ka huda hanyar ruwa, ka gama da tof silinda." Ya kawo wasa, ɗan faifan ƙarfen nan mai rami a tsakiya, ya ɗora a kan guntun, ya ɗiga walda a tsakiya har ta kama, ya ɗora noti a kai ya cika cikinsa da walda. Notin ya yi ja zur. Ya ce a bar shi ya huce da kansa. Muka zauna muna kallonsa yana komawa baƙi. Da ya sa sifana bai murɗa gaba ɗaya ba, ya ɗan yi gaba ya ɗan yi baya, gaba, baya, sai muka ji wata 'yar ƙara siririya, guntun ya fara biyo notin. Na sa sababbin ƙusoshi duka, ban mayar da tsoho ko ɗaya ba.

Turbo da baƙin man inji yake rayuwa, shi ne man shafawarsa kuma shi ke ɗebe masa zafi. Hanyar shiga ba ta ba mu wahala ba: muka sa mahaɗi mai baki uku a inda makunnin fitilar mai yake a jikin bulok, muka ja siririn bututu mai rigar waya zuwa saman turbo. Hanyar fita ce mai sharaɗi. Man yana shiga da matsin famfon baƙin mai, amma babu abin da ke turo shi waje, gangarowa yake yi da nauyinsa, kuma ya fito ne a kumfe. Dole bututun ya zama mai faɗi, ya miƙe ƙasa, ya shiga kwanon mai sama da inda man yake tsayawa. Wasu sukan huda kwanon yana jikin mota, su shafa wa bakin dirila giris don ya kama garin ƙarfe. Baba ya ce ba a garejinsa ba. Muka sauke kwanon, aka huda, aka yi waldar bakin bututu, aka wanke shi sau uku kafin a mayar da sabon gam.

Sauran aikin bututu ne da haƙuri. Daga filtar iska zuwa bakin turbo, daga turbo a tsallaka saman inji zuwa manifol ɗin shiga, kowace mahaɗa da tiyo mai jure zafi da kilif mai ƙarfi. Hanyar ruwan turbo muka ɗauko daga tiyon hita. Salansa muka canza gaba ɗaya zuwa inci biyu da rabi, domin turbo yana son hayaƙi ya bar bayansa ba tare da cikas ba. Sandar gejin zafi ta koma sabon manifol, gab da mashigar turbo, tunda idan aka sa ta a bayansa takan nuna ƙasa da gaskiya da digiri ɗari ko fiye. Muka naɗe duk waya da tiyon da ke kusa da garkuwar zafi.

Kafin a ta da injin Baba ya ɗura baƙin mai a bakin turbo da sirinji yana juya fankar da yatsa. Ya cire wayar famfo, ya zare bututun fitar mai ya sa gwangwani a ƙasa, ya ce in murza. Na murza, na huta, na sake murzawa, sai a karo na uku mai ya zubo. Sannan ya mayar da komai. Ya ɗauko wani guntun katako mai faɗi ya tsaya da shi kusa da bakin turbo, wanda ya bari a buɗe. Na tambaye shi na mene ne. Ya ce injin dizal idan ya sami mai ta hanyar iska, ko famfo ya ƙwace, gudu yake yi ba ya jin makulli, har sai ya tarwatse. Maganinsa ɗaya, a toshe masa numfashi. "Da katako," in ji shi, "ba da tafin hannu ba. Ka riƙe wannan ko bayan raina." Na murza makulli. Injin ya tashi kamar kullum, ya zauna a silo. Da na ɗan taɓa totur sai na ji wani siririn fito yana tasowa daga ƙarƙashin ƙarar da na sani tun ina yaro. Na daɗe a zaune ban ce komai ba.

Fitar farko ta sanyaya mini gwiwa. Ba mu taɓa famfon mai ba, kuma motar kusan yadda na san ta take. Gejin iska, mai nuna matsin da turbo ke bayarwa, yana hawa psi 5, ya kai 6 da kyar, ƙarfin da ya ƙaru kaɗan ne. Na hau tuduna da lodi, giya ta uku dai kamar da. Amma da na kalli madubi babu hayaƙi ko kaɗan, allurar zafi kuma, wadda ta saba zuwa 700, ta tsaya a 520. Na dawo na ce wa Baba zafi ya sauka amma ƙarfi bai zo ba. Ya yi murmushi ya ce, "To ai ka sayi wuri ke nan. Yanzu sai mu ga nawa za mu kashe a ciki."

A nan ne na fahimci abin da na yi wata uku ina yi. Injin dizal ba a shaƙe masa iska kamar na fetur, kullum cike yake zuƙa, totur ɗinka mai kawai yake ƙarawa ko ragewa. Turbo iska yake kawowa, iskar kuma sanyaya wutar take yi. Ƙarfi daga mai yake zuwa, zafi ma daga mai yake zuwa, tafiyarsu ɗaya. A injin fetur ƙarancin mai ne ke ƙona fistin, a dizal yawansa ne. Wanda ya zo da ilimin fetur ya ce bari ya ƙara mai don inji ya huta, ya kama hanyar sauke inji.

A bayan famfon, irin mai juyawa da ake kira VE, akwai wani sukurun da ke ƙayyade iyakar man da zai bayar, noti na riƙe da shi. Baba ya yi masa alama da fenti kafin ya taɓa, don a san inda aka taso. Ya murɗa shi ciki kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, ya ɗaure, ya daidaita silo da ya ɗan tashi, ya ce in je tudu. Haka muka yi ta yi, murɗi ɗaya hawa ɗaya, kwana huɗu. 520 ta koma 560, ta koma 600. Gejin iska ya cika 7 tun daga juyi 2,000, domin ƙarin mai yana ƙara wa hayaƙi ƙarfin juya fanka. A murɗi na uku na hau rabin tudun da giya ta huɗu, allura ta tsaya a 630. Daɗi ya ɗebe ni, na ce, "Baba, ku ƙara ɗaya mana." Ya dube ni, ya ƙara, bai ce uffan ba. Motar ta yi wani irin ja da ban taɓa ji ba, amma kafin in kai rabin hawa allura ta tsallake 700 tana neman gaba, hayaƙi ya dawo a madubi. Na ɗaga ƙafa na sauko giya. Da na koma ban jira ya tambaya ba, na ce a mayar. Muka tsayar da doka: 650 ita ce iyaka, kuma ba wurin zama ba ce.

Matsala ɗaya ta rage. Famfon 3L bai san akwai turbo ba, don haka idan na taka totur daga tsaye yakan zuba man duka tun iska ba ta iso ba, hayaƙi ya yi gajimare na daƙiƙa biyu ko uku. Famfon injin turbo yana da wata hula a kansa mai tantani a ciki, siririn tiyo na kawo mata matsin iska, sai ta riƙa sakin mai gwargwadon iskar da ta samu. Mai famfo ya ɗora mana irinta ya gwada a kan bencinsa, hayaƙin ya kau.

Kwana goma bayan haka na ga shuɗin hayaƙi. Ba baƙi ba, shuɗi, mai warin ƙonannen baƙin mai, kuma ya fi yawa idan motar ta daɗe a silo. Na zare tiyon iska na ga mai ya jiƙa cikinsa. Nan take zuciyata ta tafi kan masu gyaran turbo, har na shirya maganar da zan faɗa musu. Baba bai ko kalli turbo ɗin ba. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi da fitila, can sai ya kira ni in leƙo. Tiyon fitar mai ne. Ni na saye shi, kuma na ɗauko na ruwa ne domin shi na samu a kusa, faɗinsa ma bai kai ba. Zafi da mai sun narkar da shi ya yi laushi, ya lanƙwashe a tsakiya kamar gwiwa. Mai ya rasa hanya ya taru a cikin turbo. Shi kuwa turbo ba roba ke tare masa mai ba, wasu 'yan ringin ƙarfe ne masu kama da na fistin, ba a yi su don su riƙe tafki ba. Muka sa bututun ƙarfe daga sama, guntun tiyon mai na gaske mai faɗin milimita 19 daga ƙasa, muka wanke bututun iska tas. Hayaƙin ya ɗauke bayan tafiyar rabin awa. Na tuna katakon nan, na kuma tuna cewa man da na gani a tiyo hanyar silinda ya nufa. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Mutanen da na so in je in yi wa faɗa kuwa aikinsu ba shi da aibu.

Kuloci ya biyo baya, kamar yadda Baba ya faɗa tun farko. A giya ta biyar, idan iska ta cika, sai juyin inji ya tashi gudu bai ƙaru ba. Muka sa mai faranti mai ƙarfi. Na kuma sanar da kamfanin inshora da ofishin rajistar motoci canjin da aka yi, domin a ƙasashe da yawa ƙara wa inji ƙarfi ba tare da sanarwa ba yana iya ɓata takardun mota. Birki ma na sabunta shi gaba da baya, tunda motar da ke hawa da sauri tana isa gangara da sauri.

Ana yawan tambayata me ya sa ban sa intakula ba, wato lagireton da ke sanyaya iska kafin ta shiga inji. Yana da amfani, ba na musu, zai sauke zafin hayaƙi ya ƙara wa iskar cika. Amma wurin zamansa gaban lagireton ruwa ne, kuma a wannan inji ruwa nake tsoro fiye da komai. A psi 7 ina ganin zan iya haƙura. Wanda yake son 10 ko 12 ba shi da zaɓi, sai ya sa, kuma ni a ganina ya fara tanadin wani injin. Idan mutum ya ce mini motarsa tana cin mai, tana tururi ta murfi, yana so ya sa turbo don ta farfaɗo, ina ce masa ya gyara injin tukuna, watakila ma ya tarar ƙarfin da yake nema yana nan.

Tuƙina ya canza fiye da yadda motar ta canza. Da safe ba na taka ta sai mai ya zagaya ya yi ɗumi. Idan na dawo daga doguwar tafiya ba na kashe ta nan take, domin da injin ya tsaya mai ya daina zagayawa, wanda ya rage a cikin turbo mai zafi sai ya soye ya zama gawayi a kan sanda. Ina barin ta a silo har allura ta sauko ƙasa da 200. Baƙin mai da filta duk kilomita 5,000, ba na ɗaga ƙafa. A kan hawa kuma na koyi abin da ban zata ba: idan allura ta doshi 650, saukowa giya ɗaya ya fi sauke ta da sauri, domin injin da ke juyi da yawa ya fi shan iska, wanda ake danne shi a babbar giya kuwa dahuwa yake yi. Shan manta bai canza sosai ba, sai ranar da ƙafata ta yi nauyi.

Yanzu an yi kilomita 30,000 da ɗoriya. Makon jiya na iso gindin tudun da lodi kamar kullum, na shiga da giya ta huɗu. Fiton ya taso, gejin iska ya zauna a 7, zafin ruwa 88. Allurar hayaƙi ta hau 580, 610, 630, a lanƙwasar ƙarshe inda hawan ya fi tsanani ta taɓa 645. Na sauko ta uku, ta koma 570, na ƙarasa a haka, madubi fes. Da na iso na bar ta tana silo, na fito na buɗe bonet na haska tiyon fitar mai, a miƙe yake kuma a bushe. Na koma ciki na zauna ina jiran allura, ta ɗauki minti biyu kafin ta sauko, sannan na kashe.